Abin da Darɓa Take Nema a Ganyen Latas

Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu latas yake cin kasuwarsa a Gombe. Ganye ne mai son sanyi. Da zafin Maris ya kunno kai sai ya miƙe tsaye, ya fitar da kai, ya yi ɗaci, ya ƙi ciyuwa. Saboda haka a 'yan watannin hunturun nan ake ganinsa jibge a tire da baro, an kawo shi daga lambunan Kwadon da na Dadin Kowa, ana ta yayyafa masa ruwa don kada ya yi yaushi. A gida a yanka shi da tumatir da albasa, a barbaɗa garin ƙuli da ɗan mai da gishiri, kwaɗo ya haɗu. Ka tsaya ka kalli masu saye. Hannun kowa yana zuwa ne kan wanda ya fi faɗin ganye, ya fi duhun kore, babu huji ko ɗaya. Da wuya ka ga wanda ya juya ganyen ya dubi bayansa.

A bayan ganyen kuwa darɓa take zama. Ƙwaro ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba, galibi kore, wani lokaci baƙi-baƙi. Ba ta taunar ganye. Tsininin bakinta take cusawa cikin jijiyarsa ta yi ta tsotso. Abin da ya yi mata yawa na zaƙi sai ta fitar da shi ya zama danƙon nan da ke maƙale wa yatsa, wanda ke jawo tururuwa, daga baya ya yi baƙi kamar an shafa kunkunniya. A ƙasashe masu ɗumi ba ta ma buƙatar namiji. Macen takan haifi 'ya'ya mata kai tsaye, ba ƙwai ba, su kuma cikin mako guda zuwa kwana 10 sun fara haihuwar nasu. Wanda ya ga ƙwaya biyar ranar Juma'a ya ce bari sai ya samu sukuni, Juma'a biyu masu zuwa zai tarar ganyen ya nannaɗe. Ga kuma cutar da take ɗaukowa a baki daga wannan tushe zuwa wancan, wadda ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya tsumbure.

A unguwar Federal Low-Cost ta Gombe, gidan da bai cike tsakar gidansa da ƙarin ɗakuna ko shagon haya ba, sau da yawa akwai ɗan lungu bayan kicin da aka jera buhunan siminti da tsofaffin bokitai, an cika su da ƙasa. Tun da kayan miya suka yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, irin wannan lambu ya ƙaru. 'Yan fansho ne da matan gida suka fi yi. Matsalarsu iri ɗaya ce: ƙasar Gombe yashi ya yi mata yawa, ba ta riƙe ruwa, ruwan kuma idan famfo ya yi yaji sai an saya a wurin 'yan garuwa. Latas kuwa kusan kashi 95 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, saiwarsa ba ta nisa. Ka dasa, ya yi kwanaki yana kallonka yana rawaya-rawaya. Sai maƙwabci ya leƙo ya ce, “Ai taki yake so. A ɗan watsa masa yuriya.”

Kuma maganar tana ci. Cikin 'yan kwanaki ganye ya buɗe, ya yi kore shar, mai lambu ya ji daɗi. Amma duk wanda ya taɓa sayen rago a tike daf da Sallah ya san akwai ƙiba, akwai kumburi. Ragon da aka ba kanwa ya sha ruwa ya cika ido, sai an yanka a ga gaskiya. Haka ganyen da aka ɗura wa naitirojin lokaci guda yake: ya yi girma da sauri, fatarsa ta yi siriri, ruwan jikinsa ya cika da ƙananan sinadaran da ake haɗa furotin da su, waɗanda tsiron bai samu lokacin sarrafawa ba. Waɗannan sinadaran su ne ainihin abincin darɓa. A tsiron da ke girma a hankali ba su da yawa, sai ta sha wahala kafin ta tara abin da zai ishe ta haihuwa. A wanda aka cika wa yuriya kuwa, an dafa an zuba mata.

Wani masanin aikin gona Bafaranshe, Francis Chaboussou, ya fitar da littafi a 1980 yana cewa yawancin ɓarnar ƙwari daga yadda aka ciyar da tsiro take farawa. Ya yi zurfi a wasu wurare har abokan aikinsa suka ƙi bin sa, amma wannan gaɓa ta darɓa da yawan naitirojin an gwada ta a amfanin gona iri-iri an tabbatar. Mu da muke cewa in ɓera da sata daddawa ma da wari, bai kamata wannan ya zo mana a baƙo ba. Sai dai a lambu mun fi son mu kama ɓeran. Tambayar farko da mai latas yake yi in ya ga ƙwari ita ce, “Wane magani zan fesa?” Ban cika jin wanda ya fara da, “Me na ba shi ya ci?” ba.

A nan takin tana ya shigo. Tana dai ita ce wadda muka sani, wadda take fitowa bayan ruwan sama, wadda muna yara muke barbaɗa wa gishiri mu ga tana murɗewa, wadda masu kamun kifi a Dadin Kowa suke sa wa a ƙugiya. Ba ta da haƙori, ƙundu gare ta, da shi take niƙa ruɓaɓɓen ganye da tsohon kashin dabba haɗe da ɗan yashi. Abin da ya fito ta bayanta baƙi ne, ƙanana-ƙanana, ba ya wari sai ƙamshin ƙasar farkon damina. Charles Darwin, wanda duniya ta sani da wata magana daban, ya shafe kimanin shekara 40 yana lura da wannan halitta, kuma littafinsa na ƙarshe, wanda ya fito a 1881, shekara guda kafin ya mutu, a kanta ya rubuta shi. A 2014 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jan Willem van Groenigen na Jami'ar Wageningen ta Holan suka tattara gwaje-gwaje da dama daga sassan duniya, suka ga kasancewar tana a gona kan ƙara amfani da kimanin kashi 25 cikin 100.

Wannan batun yabanya ke nan. Batun ƙwari ya fi ban mamaki, domin babu guba a kashin tana. Ka zuba shi a kan darɓa ba za ta mutu ba. Amma a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, Clive Edwards da Norman Arancon sun yi shekaru suna gwaji a ɗakunan renon tsiro. A rahoton da suka fitar a 2005, sun haɗa kashi 20 ko kashi 40 cikin 100 na takin tana a ƙasar tukwane, suka shuka tumatir da tattasai da kabeji, suka saki darɓa da farin ƙwaron nan mai kama da auduga da tsutsar kabeji a kansu. A tukwanen da ke da takin, ƙwarin ba su yaɗu kamar a sauran ba, ɓarnar ma ta ragu.  Gidan ne bai yi musu daɗin zama ba.

Dalili na farko shi ne wanda muka riga muka gani ta bayansa: takin tana yana sakin abincinsa kaɗan-kaɗan, daidai da abin da saiwa za ta iya ɗauka, ganye ya yi ƙwari maimakon kumburi. Na biyu, masu binciken suna kyautata zaton tsiro yana ɗaukar wasu sinadarai masu bauri daga takin, waɗanda ke sa ganyen ya rage daɗi a bakin ƙwaro. Na uku kuma a cikin ƙasa yake faruwa. Takin cike yake da ƙananan halittun da ido ba ya gani, kuma idan suka cika wuri, masu kawo cuta ba sa samun sarari. Duk wanda ya taɓa renon irin latas ya san ranar da za ka tashi ka ga 'yan tsiron sun kwanta, ƙafarsu ta ruɓe daidai bakin ƙasa. A Jami'ar Cornell, Eric Nelson da Allison Jack sun nuna a kan irin kokwamba cewa halittun da ke cikin takin tana suna tare mai kawo wannan ruɓewa tun kafin ya kai ga ƙwayar irin.

Kada dai a ɗauka an samu laya. Na ji masu tallar takin nan suna magana kamar wanda ya zuba shi ya yi sallama da ƙwari har abada, kuma wannan ƙarya ce. Fara ba ruwanta da yadda ka ciyar da ganye, in ta sauka ta ci. Tsutsar da ke kwana cikin ƙasa ta fito da dare ta datse dashe, sai ka tona ka cire ta da hannu. Tsuntsaye da ƙadangaru suna son ɗanyen ganye a tsakiyar rani lokacin da komai ya bushe, maganinsu tsohon gidan sauro ne a lulluɓe. Akuyar maƙwabta kuwa sai ƙofa mai sakata. Ita kanta darɓar takan zo, sai dai ta zo da sauƙi, yadda za ka iya murje ta da yatsa, ko ka wanke da ruwa, ko ka jiƙa dakakken ƙwallon dogon yaro ya kwana, ka tace, ka fesa da yamma. Kuma in aka zuba takin ya wuce kima, aka shuka iri cikin tsantsarsa babu gauraye, gishirin da ke ciki yakan ƙone jaririn tsiro. Kashi ɗaya na taki, uku ko huɗu na ƙasa, ya wadatar.

To me ya sa za a sha wannan wahala alhali ga kwalbar magani a kasuwa? Saboda latas ba ya ganin wuta. Wake ana dafa shi, masara ana ɓare ta, shi kuwa daga lambu sai wuƙa sai baki. Kowane maganin feshi na ƙwarai yana ɗauke da rubutun kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi, amma wa yake karantawa, kuma wa zai jira alhali dillali ya zo da mota? Gombe ƙasar auduga ce tun zamanin Turawa, auduga kuwa tana cikin shukokin da aka fi yi wa feshi a duniya. A ganina hannun da ya saba da feshin auduga shi ne ya gangaro lambu bai rage nauyi ba, aka manta cewa ita auduga ba a cin ta. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan gubar nan da ake haɗa ota-fiya-fiya da ita. Wake ke nan, mai shan tafasa. Su sun auna sun mayar mana da kayanmu. Namu latas ɗin ba wanda yake aunawa kafin ya shiga kwano.

Feshin kuma yana da wata asara da mai lambu ba ya lissafawa. Akwai ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya, zagayayye kamar rabin ƙwayar wake. Shi da 'ya'yansa darɓa ce abincinsu, ɗaya kan cinye gommai a yini. Akwai ƙananan zanzaro da ke saka ƙwai cikin jikin darɓa, akwai gizo-gizo. Guba ba ta tambayar wane ne naka. In ta share kowa, wadda ke haihuwa duk mako ita ke fara dawowa, ta tarar babu mai cin ta. Sai a sake feshi, a ƙara ƙarfin magani, a ce na bana ba shi da kyau.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ɗaya daga cikin nau'o'in tana da duniya ta fi kiwo don yin taki tamu ce. Masana suna kiranta Eudrilus eugeniae, asalinta Afirka ta Yamma. Doguwa ce, ja mai duhu, mai sheƙi, mai saurin ci da saurin haihuwa, kuma ta fi walwala a zafin digiri 25 zuwa 30. An kwashe ta an kai Indiya da Filifin, manoma suna kiwonta suna sayar da takin. A Kyuba, da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991 takin zamani da maganin ƙwari suka yanke, mutanen Havana sun mayar da filayen da ke tsakanin gidaje lambuna, suka riƙa cika fangaloli da ruɓaɓɓen shara da takin tana, latas yana cikin manyan abin da suke nomawa. Dole ce ta sa su, ba ƙwalisa ba.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin ƙauyukan kewayen Kano tun shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itace su fito da takin juji, toka da kashin awaki da sharar gida, har gonakin suka jure noma shekara da shekaru babu hutu. A yankin Tawa ta Nijar kuma manoma suna haƙa ramukan tassa a fako su zuba taki, gara ta zo ta ci ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Inda fari ya hana tana zama, gara ce take riƙe mata aiki. Ilimin ciyar da ƙasa muna da shi. Buhun kamfa da na yuriya ne suka zo da sauƙinsu, muka ajiye namu, sai da yaƙin Rasha da Yukren ya tashi a 2022 farashi ya haura muka fara waiwaye.

Kiwon tana a gida bai kai kiwon kaji wahala ba, sai dai a sha surutu. Ba wuya ka ji uwargida ta ce, “Haba Alhaji, mutane na kiwon tumaki, kai kuma tsutsa za ka tara mana a bayan kicin?” Shi kuma ya ce, “Hajiya, ai ita ba ta neman dusar kuɗi, ɓawon da kike zubarwa ya ishe ta.” Abin da ake buƙata rabin duro ne ko tsohon baho, a huda gindinsa don ruwa ya tsane. A shimfiɗa busasshen ganye da yagaggen kwali, a jiƙa, a ɗora kashin shanu wanda ya riga ya huce. Sabon kashi yana ɗaukar zafi ya kashe tanar, na kaji ya fi muni. Daga nan sai a saki tanar, a riƙa zuba mata ɓawon kankana da na ayaba da na dankali, ragowar alayyafo, ganyen shayin da aka tace. Ban da mai, ban da gishiri, ban da barkono, ban da nama. Danshin ya zama in ka damƙa ka matse, ɗigo ɗaya ko biyu ne zai fito, domin ita tana ta fata take numfashi: in ta bushe ta mutu, in ruwa ya kwanta ta gudu. A rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a ajiye a inuwa. Cikin wata biyu zuwa uku abin da ke ciki ya koma baƙin gari. Ranar kwashewa a juye a tara tsibi a cikin haske, tanar za ta nutse ƙasa da kanta, a yi ta kwasar na sama.

Wahalar tana wuri biyu. Ɗaya, maƙiya: kaji, ɓeraye, kwaɗi, da uwa uba kwarkwasa, wadda in ta shiga baho cikin dare ɗaya ta gama. Shi ya sa ake ɗora shi a kan benci, a sa ƙafafun bencin cikin gwangwanayen ruwa. Na biyu, Afrilun Gombe, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40. Baho a ƙarƙashin rufin kwano a wannan wata tanda ne. Sai gindin mangwaro ko lungun da rana ba ta kaiwa, da yayyafi safe da yamma. Wanda ba zai iya wannan ba gara ya haƙa ɗan rami a inuwa, ƙasa ta fi roba sanyi. Ga Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya a Dadin Kowa tun 2002, ƙasa da kilomita 40 daga cikin gari. Da za a ce can ake zuwa a sayo irin tana kamar yadda ake sayo dashen mangwaro, da rabin wahalar ta kau.

Wannan ɗabi'a ta kallon inda ɓarna ta bayyana a bar inda ta faro, ba a lambu kaɗai muke yin ta ba. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 gari ya yi ta faɗaɗa, kwaruruka kuma suka yi ta cin gidaje. An kashe maƙudan kuɗi, har da tallafin Bankin Duniya, wajen ɗaure kwarin da ya ratsa ta jami'ar jiha zuwa unguwar Malam Inna da kankare, kuma aikin ya ceci unguwanni. Amma ruwan da ke haƙa kwari daga saman kwanonmu yake sauka, ya tarar mun shafe tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango, ya fita ta rariya da gudu. Kowane gida yana aika nasa kason. Ƙasar da ke da ruɓaɓɓen ganye da ramukan tana shan ruwa take yi. Ba ina cewa buhun latas goma zai tsayar da zaizayar ƙasa ba ne. Ina cewa ne mai gidan da ya tsaya bakin kwari yana zagin gwamnati, ya kamata wata rana ya tsaya bakin rariyarsa ana ruwa.

Mai saye ma yana da nasa laifin a maganar feshi, kuma ya fi na manomi ɓoyuwa. Manomin Kwadon ba don mugunta yake fesawa ba. Ya san in ya kawo latas mai huji biyu za a ture shi gefe a ɗauki na maƙwabcinsa mai sheƙi. Idonmu ne yake ba da odar gubar, manomi aiwatarwa kawai yake yi. Ni dai in na ga ganye mai matsakaicin girma, mai ɗan kauri, da ɗan huji nan da can, shi nake ɗauka, don na san aƙalla wani abu mai rai ya ci bai mutu ba. Wankewa kuma ba ta faɗuwa ko da takin tana aka yi noman. Kashin dabba kashin dabba ne, ruwan ban-ruwa ma ba kullum yake da tsabta ba. A ware ganyen ɗaya-ɗaya, a wanke da ruwa mai kyau, a jiƙa cikin ruwan gishiri ko na binega, a sake ɗaurayewa.

Azumi yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma yanzu ya shigo lokacin latas. Na 2026 a Fabrairu ya kama, a 2030 kuwa sau biyu za a fara shi, a Janairu da kuma Disamba. Shekaru masu zuwa ke nan buɗa-baki zai riƙa haɗuwa da tsakiyar hunturu, buƙatar ganye ta ƙaru, masu lambu su ƙara gaggawa. Wanda yake son takinsa ya nuna kafin dashen Nuwamba, a Agusta ko farkon Satumba zai nemi irin tana, tun ƙasa na da danshi: ƙarƙashin tsohon tsibin kashin shanu, gindin ayaba, ko inda ruwan wanke-wanke yake kwanciya in babu sabulu da yawa. Waɗanda ke sama-sama cikin ruɓaɓɓen abu ake ɗiba, masu zurfafa rami ba sa zama a baho. Da iskar Oktoba ta busa, sai a nema a rasa.